Ƙanena Ya Yi Suna Da Barkwancina, Na Huce Haushi A Kan Golanmu

Wani ɗan'uwa ne ya turo mana ta bayan fage, ya roƙi a ɓoye sunansa. Ga saƙon yadda ya zo.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni mutum ne da abin da ke cikina ba ya iya fita ta baki sai ta hannu. Sunayen da za ku gani duk canza su na yi.

Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, gidanmu na wajen Ƙofar Kibo, shekaruna talatin da takwas, ina da mata da 'ya'ya uku, ina aiki a sashen ajiye fayil na wata ma'aikata. Tun ina yaro nake da in'ina, ba mai tsanani ba ce, amma da zarar mutane sun wuce biyar a wuri sai harshena ya ɗaure, shi ya sa ko a ɗaurin aure ni ne na can baya. A unguwarmu muna da kulob ɗin ƙwallo, ba na kuɗi ba ne, teloli ne da kafintoci da malaman firamare da masu gyaran waya, filinmu ma rabi yashi rabi tsakuwa, akuyoyin unguwa ne ke kula da ɗan abin da ya rage na ciyawa. Ni ban taɓa iya ƙwallo ba, sau ɗaya aka sa ni a baya na ci gidanmu, daga ranar na koma bakin layi. Amma shekara goma sha biyu ke nan babu wasan da aka buga ba na nan in dai ina da lafiya, ko a Kufena ne ko a Tudun Jukun, ko ana ruwa ko ana rana, a kan babur ɗina.

Duk wasan da aka tashi, kafin a kira magariba na rubuta rahotonsa na tura guruf ɗin kulob. Ba irin na jarida ba, na raha. In lamba taranmu ya ɓarar da ƙwallo sai in ce ya doka ta wuce turke, ta wuce ganuwa, yanzu haka mutanen Kufena sun bugo waya sun ce sun ga wucewarta, suna tambaya su tare ko su bar wa na gaba. Ranar da aka yi mana uku ba ko ɗaya na ce kada kowa ya ga laifin 'yan bayanmu, tarbiyyar birni ce, in baƙo ya zo sai a ba shi hanya har a taka masa zuwa ƙofar ɗaki. Akwai rafalin da ya zo babu agogo, na ce da inuwar darbejiya yake duba lokaci, da hadari ya rufe rana sai da muka yi awa guda ba a tafi hutun rabin lokaci ba. Kocinmu kuwa na ce dabararsa ɗaya ce tun ana buga ƙwallo ba takalmi, ku doka gaba Allah na nan. Shi kansa Koci sai ya turo cewa zai kore ni daga fili, gobe kuma shi ne zai fara tambaya ina rahoto. Ko 'yan gidan kallo masu bin kulob-kulob na Turai ban ƙyale su ba, musamman waɗannan da kullum bana tamu ce, na ce su kaɗai ne ke bikin ɗaukar kofi kafin a fara kaka, don sun san in an fara babu sauran biki. Mutanen guruf ɗin ba su da yawa, amma a nan ne kaɗai nake magana a saurare ni har in kai aya ba wanda ya ƙarasa mini.

Ina da ƙane, autanmu, zan kira shi Nura. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na ba shi shekara goma, tela ne. Allah ya ba shi abin da bai ba ni ba, baki da iya kwaikwayon murya, in yana shago mutane kan zo ba don ɗinki ba sai don hira. Ni na fara kai shi fili a bayan babur tun yana sakandare. Shekara biyu da suka wuce ya ce mini, Yaya bari in karanta rahoton nan naka da murya irin ta masu sharhin rediyo mu ga yadda zai yi. Na ce bismillah, ni ma na riƙe masa wayar na ɗauke shi bidiyo. Wallahi ranar na yi dariya har da hawaye, don ban taɓa jin maganata a bakin da ba ya sarƙewa ba. Bidiyon ya fita daga guruf ɗinmu ya shiga gari. Daga nan abin ya zama kullum, ni in rubuta shi ya karanta. Da farko yakan ce rubutawa Yayana, karantawa Nura, amma masu turawa gaba sukan yanke wurin, daga baya shi ma ya daina faɗa, ban sani ba ko mantuwa ce.

A hankali na ga abubuwa suna canzawa. A da in mun shiga fili cewa ake ga Malam da ƙanensa, sai aka koma ga Nura, wannan kuma yayansa ne. In muna tafiya a kasuwa matasa su tare mu su yi hoto da shi, ni in koma gefe in riƙe masa leda. Wani abokin aikina a ofis ya zauna ya ba ni labarin tarbiyyar birni daga farko har ƙarshe yana dukan tebur, ya ƙare da cewa, gaskiya ƙanen nan naka akwai kai, kai ina ka tsaya lokacin da ake rabo? Na buɗe baki in ce ni na rubuta, kalmar ta maƙale, kafin ta fito ya fita. Hajiyarmu ma in baƙi suka zo sai ta sa a kunna musu bidiyon Auta, tana cewa shi dai tun yana goye bakinsa ba ya shiru. Ban ga laifinta ba, ba ta karatun boko, ba ta san akwai rubutu a bayan abin ba. Amma ina fita daga ɗakinta sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne walimar rufe kakar bara, da aka yi bayan la'asar a zauren Alhajin da ke shugabantar kulob. Ya tashi ya yi jawabi, ya ce a da ba wanda ya san mu sai 'yan unguwa, yanzu albarkacin yaron nan har daga wasu garuruwa ana tambayar sakamakonmu. Ya fito da sabuwar jesi an rubuta Kakakinmu a baya ya saka wa Nura, aka yi ta tafi. Sannan ya waiwayo ya gan ni a tsaye ya miƙo wayarsa ya ce, yawwa Malam, kai da ba ka komai, ɗauke mu hoto. Na ɗauka. Har sau uku, don na farko ya ce bai fito ba.

Bayan kwana biyu na samu Nura a shago na faɗa masa abin da ke raina, kuma ban faɗa da daɗi ba, na ce ya mayar da ni ɗan ɗauko masa ruwa, ya ci da guminsa da nawa. Bai musa ba, ya ba ni haƙuri, ya ce wallahi bai lura ba, ya ɗauka ni ne ba na son a ambace ni tunda ba na son taro. A bidiyo na gaba ya tsaya ya yi bayani sosai cewa duk abin da ake dariya a kai yayansa ne ke rubutawa. Kun san abin da mutane suka rubuta a ƙasa? Allah sarki Nura, ga basira ga biyayya, yana so ya ɗaga yayansa. Wani ya ce haka ake son ƙane, ko ɗan'uwanka bai iya komai ba ka rufa masa asiri. Da ma bai faɗa ba ya fi mini sauƙi.

A nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Akwai babban shafi da magoya bayan duk kulob ɗin da ke gasar unguwanni ke haɗuwa ana tsokanar juna. Na sayi sabon layi na buɗe akawun da sunan Mai Usur, na nuna kamar ni ɗan Tudun Jukun ne, wato manyan abokan hamayyarmu. Niyyata Nura kawai. Na rubuta cewa kakaki ai bututu ne, ba ya ƙara sai an hura masa iska. An yi dariya, 'yan Tudun Jukun suka karɓe ni hannu bibbiyu, suna cewa yau mun samu namu. Shi kuwa Nura washegari ya fito a bidiyo da mazurarin mai a baki yana busawa, mutane suka ƙara son sa. Hassada ga mai rabo taki, na ji ana faɗa tun ina yaro, ban san a kaina za ta tabbata ba. Na ci gaba da rubutu a matsayin Mai Usur, a gefe guda kuma na fara yi wa Nura ƙaryar aiki ya yi mini yawa, ba na samun rubuta masa rahoto. A raina ina jiran in ga ya faɗi, mutane su gane waye mai abin.

Sai aka zo wasanmu da Tudun Jukun a zagayen rukuni na gasar bana. Golanmu, zan kira shi Ɗanlami, kafinta ne, ya girme ni kaɗan, ya fi shekara goma yana tsare mana raga, mutum ne mai kunya da ko katin gargaɗi bai taɓa karɓa ba. A satin matarsa tana asibiti an yi mata aiki wajen haihuwa, jaririn bai zo da rai ba, kwanansa huɗu a can. Ba ji na yi ba, ni Koci ya roƙa na je na ɗauko shi daga asibitin a kan babur ɗina saboda ba mu da wani gola. A hanya ya ce mini, Malam idona har yaji yake, amma ba zan bari a ce babu kowa a raga ba. Aka zura masa huɗu, biyu daga ciki ta tsakanin ƙafafunsa.

Da yamma ina zaune a ƙofar gida sai ga bidiyon Nura ya fito, wanda ya tsara da kansa babu hannuna ko kaɗan. Na kunna ina jiran in ji ya yi shirme. Jama'a, ya yi kyau. Bai taɓa Ɗanlami ba sam, kansa ya yi wa dariya da Koci da 'yan gaba, kuma ya yi kyau ƙwarai, har mutane na cewa wannan ya fi na da. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba, ashe ko ba ni zai iya. Nan take na shiga akawun ɗin Mai Usur, abin da nake so kawai in rubuta wani abu da zai danne nasa a ranar. Na rubuta sanarwa cewa ana farin cikin shaida wa jama'ar Zazzau an ƙara sabuwar ƙofa a ganuwa, bayan Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kibo yanzu akwai Ƙofar Ɗanlami, a buɗe take safe da yamma, babu mai gadi, mai ƙafa da mai keke kowa ya zo ya wuce. Minti biyar ban yi ba wajen rubutawa. Ya danne bidiyon Nura kuwa, kamar yadda na so.

Sunan ya bi shi. Masu acaɓa in sun wuce shagonsa sai su ɗaga murya, Ƙofar Ɗanlami saura mutum ɗaya. A wasa na gaba tun daga ɗumama jiki 'yan kallo ke rera a buɗe ƙofa, a buɗe ƙofa, har da wasu 'yan unguwarmu. Ba a ci shi ko ɗaya ba a zagayen farko, amma da aka tafi hutu ya cire safar hannunsa ya ajiye a kan benci, ya ɗauki takalmansa ya fita daga fili. Ina tsaye a wurin. Tun ranar bai dawo ba. Wani ɗan baya aka mayar gola, kuma da taimakon Allah da na turke muka lallaɓa har muka kai wasan ƙarshe, wanda za a buga ran Lahadin nan, kuma da Tudun Jukun ɗin dai.

Ran Talata Koci ya ce in je in lallashi Ɗanlami, wai ni yake jin nauyi. Na rasa yadda zan ƙi, na je. Na same shi yana goge wata ƙofar katako, ya ajiye ya shimfiɗa mini buhu, ya aika aka kawo mini ruwa. Na isar da saƙo da ƙyar. Ya dube ni ya ce, "Malam, ni ba ƙwallo huɗu ne suka dame ni ba, an ci waɗanda suka fi ni. 'Yata ce ta dawo daga islamiyya tana kuka, wai ana ce mata 'yar Ƙofa. Uwarta na kwance ba ta gama warkewa ba, ta tambaye ni me na yi wa mutane. Me zan ce mata?" Sannan ya ce, "Masu faɗa duk na yafe musu, bi suka yi. Wanda ya fara ne nake so ya zo nan ya zauna inda kake zaune, ya dube ni ya faɗa mini abin da na tare masa. Ba zan taɓa shi ba wallahi. In ya zo zan tsaya a raga ran Lahadi, in bai zo ba ni da fili har abada." Da zan tafi ya rako ni har bakin babur ya riƙe hannuna ya ce, "Kai dai Allah ya saka maka. Shekara goma sha biyu kana tsokanar kowa, ba ka taɓa rubuta abin da ya sa na kasa haɗa ido da iyalina ba. Kai ka san inda wasa yake tsayawa." Ban san yadda na iso gida ba.

Jiya Juma'a kuma bayan an sauko daga masallaci Nura ya same ni a zaure. Ya ce wani gidan rediyo ya kira shi, suna so ya riƙa gabatar da shirin wasanni na raha duk mako, shi kuma ya ce musu ba zai zo ba sai da yayansa a matsayin mai rubutawa, kuma sai an riƙa faɗin sunana a farkon shiri da ƙarshensa, sun amince. Ya ce, "Wanda na yi ni kaɗai ɗin nan, Yaya, kwana uku na yi ina haɗa shi tun kafin wasan, kai kuwa a zaune ɗaya kake yi. Ni na san matsayina." Abin da na shekara biyu ina so in ji ke nan, amma da ya faɗa sai na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Sannan ya ce akwai alfarma ɗaya, yana so kafin Lahadi in rubuta masa martanin da zai kashe bakin Mai Usur gaba ɗaya, saboda abin da ya yi wa Ɗanlami. Ya ce, "Duk Zariya mutum biyu na sani da za su iya rubutu irin wannan, kai da shi." Ya faɗa yana kallona, ya ɗan jima bai ɗauke ido ba, sannan ya ce bari ya leƙa Hajiya. Har yanzu ban sani ba, ya gane ne yana ba ni dama in faɗa da bakina, ko kuwa zuciyarsa ce fara ni nake ganin abin da babu.

To ga inda nake. In na goge akawun ɗin na yi shiru, ba mai kama ni, in shiga rediyo da ƙanena a riƙa kiran sunana, amma Ɗanlami ya bar ƙwallo ke nan, kuma duk ranar da na wuce shagonsa zai ɗaga mini hannu yana yi mini addu'a. In na je na zauna a kan buhun nan na faɗa masa, ya ce ba zai taɓa ni ba kuma na yarda, amma magana ba ta ɓuya a cikin birni, kafin la'asar ta kai zauren Alhaji ta kai ɗakin Hajiyarmu, za a ce babban wa ne ya buɗe akawun ɗin ƙarya don ya ci mutuncin autansu, ya ƙare a kan mutumin da ya ɗauko daga asibiti da hannunsa. A unguwar nan aka haife ni, a nan 'ya'yana ke zuwa makaranta, su ma za a samo musu nasu sunan. Na yi tunanin in rubuta ban haƙuri da sunan Mai Usur ba tare da na bayyana ba, amma ba abin da Ɗanlami ya nema ke nan ba, cewa ya yi a zo a dube shi.

Kuma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku, don in ban faɗa ba shawarar da za ku ba ni ba tawa ba ce. Yau da safe na buɗe akawun ɗin da niyyar gogewa, sai na tarar 'yan Tudun Jukun sun cika shi da saƙo, Mai Usur ina kake, fainal ta zo, kai muke jira, wani ma ya ce Mai Usur ya fi Nura sau goma. Na karanta wannan ɗin sau uku, kuma daɗi na ji. Bayan duk abin da ya faru, daɗi na ji, na rufe wayar ban goge ba.

Don Allah wa zan fara tunkara, Ɗanlami ko Nura? In faɗa kafin wasan ko in bari a gama, kada in rikita 'yan wasa? Aikin rediyon nan ya halatta in karɓa bayan abin da na yi wa yaron a ɓoye? Kuma waɗanda Allah ya jarrabta da jin zafin ɗaukakar ɗan'uwansu na jini suka samu ya fita daga ransu, ku faɗa mini yadda kuka yi, don ni na yi istigfari na yi addu'a abin yana nan. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma in ya gama ya bar mini shawara a ƙasa. Gobe da ƙarfe huɗu za a busa usur.